Babban Laifi Shi Ne Abin da Majalisa Ta Ce: Nazari Kan Yadda Muke Ba da Labarin Tsigewa

Duk lokacin da aka ta da maganar tsige shugaban ƙasa a Abuja, ba a kwana biyu sai sunan Malam Abdulƙadir Balarabe Musa ya shigo zance a ƙasar Hausa. Sojojin baka su ɗauka a rediyo, matasa su ɗauka a Facebook, dattawa su ɗauka a majalisar bayan la'asar. Labarin ya riga ya samu siffa ɗaya da ba ta sauyawa: mutumin kirki ya hau mulki don talaka, ya soke haraji da jangali, manya suka ga zai tona musu asiri, suka haɗa baki suka tsige shi. Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan. Abin da ya dame ni shi ne yadda daɗin labarin ya hana mu duba dokar da aka yi aikin da ita, alhali dokar tana nan kusan yadda take, kuma ita ce za a ɗauko gobe idan an tashi tsige wani.

Bari mu fara da kalmar kanta. Hausa tana da hanyoyi da yawa na cewa mutum ya bar mulki. Ana tuɓe sarki, kamar yadda Turawa suka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko. Ana yin murabus. Ana hamɓarar da gwamnati da bakin bindiga. Da tsarin shugaba mai cikakken iko ya zo a 1979, aka buƙaci kalmar da za ta ɗauki sabon abu, sai harshe ya zauna a kan tsigewa. Ana tsige gashi, ana tsige ciyawa a gona. Wanda ke tsige ciyawa ba ya tambayar ta hujja. Kalmar ta ambaci ƙarshen aiki kawai, ta haɗiye tuhuma da bincike da kare kai. Shi ya sa mai sauraron da ya ji an tsige Donald Trump a Disambar 2019 ya ruɗe da ya ga mutumin yana nan a kujerarsa: a Amurka abin da majalisar wakilai ta yi tuhuma ce, majalisar dattawa ce ke shari'ar, kuma ta wanke shi a Fabrairun 2020. Mu kalmarmu ba ta bar wa shari'a gurbi ba, haka ma labarin da muka gina a kanta.

Ga mutumin Barkiya ko Kurfi ko Dutsin-Ma, abin da ya faru ranar 23 ga Yuni, 1981 ba labarin nesa ba ne. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba, sai a 1987, don haka Balarabe Musa gwamnanmu ne, majalisar da ta tsige shi majalisarmu ce. Idan aka jera sunayen manyan da ke cikin rikicin, za a ga rabinsa rikicin cikin gida ne na Katsinawa. Ɗan takarar NPN da Balarabe ya kayar a 1979 shi ne Alhaji Lawal Kaita. Shugaban majalisar da ta yi tsigewar shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, daga garin da ke maƙwabtaka da Dutsin-Ma. Mataimakin gwamnan da ya gaji kujerar shi ne Alhaji Abba Musa Rimi. Sakataren gwamnati, Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa ne kuma jikan Sarki Dikko. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda zai zama shugaban ƙasa bayan shekara 26, ɗan PRP ne a wancan zamani. Wakilan da suka ɗaga hannu daga garuruwanmu suka fito, da ƙuri'un iyayenmu suka je Kaduna.

A nan ne labarin da ake bayarwa ya fara gazawa a matsayinsa na labari. Talakan da ya zaɓi Balarabe gwamna, a mazaɓu da yawa shi ne ya tura ɗan NPN majalisa mai kujeru 99, har jam'iyyar ta samu rinjaye mai yawa. Wannan shi ne ƙullin da duk marubucin kirki zai so ya kwance: me ya sa mutum ɗaya ya raba ƙuri'arsa gida biyu? Tsoron hakimi ne, ko zumunci, ko kuwa dabara ce ta kada a bar wa kowa wuƙa da nama? Labarin majalisar dattawa ba ya tsayawa a nan, saboda a cikinsa talaka ɗan kallo ne mai hawaye, ba shi da hannu a komai. Haka nan labarin yana wucewa da sauri ta kan shekara kusan biyu da jihar ta yi babu kwamishinoni, gwamna yana aika sunaye majalisa tana mayar masa, shi kuma ya ƙi sanya 'yan NPN a jerin. 'Yan majalisar suna da tasu hujja, cewa gwamna yana tafiyar da jiha shi kaɗai yana ƙetare iyakar ikonsa. Mutum zai iya yarda cewa an zalunci Balarabe, kamar yadda na yarda, ya kuma yarda cewa tsarin mulki ya haɗa iko biyu da jama'a suka zaɓa a ɗaki guda bai ba su hanyar sasantawa ba. Labarin da ke da gwarzo ɗaya da tarin mugaye ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Akwai kuma abin da labarin ke ɓoyewa da gangan. Watanni kaɗan bayan tsige Balarabe, majalisar Jihar Kano, wadda ke hannun 'yan PRP, ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, bayan jam'iyyar ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, shi kuma bai bi ɓangaren Gwamna Abubakar Rimi ba. Waɗanda suka yi kuka da makamin a Kaduna su ne suka ɗauke shi a Kano. Ba kasafai ake jin wannan a bakin masu yabon wancan zamani ba, domin yana ɓata tsarin tatsuniyar. Amma shi ne babi mafi amfani, tunda yana nuna cewa matsalar ba ta tsaya ga halin 'yan NPN ba. Duk wanda ya samu kashi biyu cikin uku, wuƙar tana hannunsa.

To me dokar ta ce? Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 shi ya tanadi cire gwamna, kuma a yau sashe na 188 na tsarin 1999 ya gaje shi, sashe na 143 kuma na shugaban ƙasa ne. Matakan a bayyane suke. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya, wato mutum 157 daga cikin 469, su sa hannu a takardar zargin aikata babban laifi, su miƙa wa shugaban majalisar dattawa. Cikin kwana 7 a kai wa wanda ake zargi. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta yanke ko za a yi bincike, kuma sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku: sanatoci 73 daga 109, wakilai 240 daga 360. Daga nan Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum 7, su ba da rahoto cikin wata 3. Idan sun ce zargin bai tabbata ba, magana ta mutu. Idan sun ce ya tabbata, a sake neman kashi biyu cikin uku a kowace majalisa, daga nan kujera ta zama ba tasa ba.

A ido, wannan tsari ne mai shinge da yawa. Sai an kai ƙarshen sashen ake ganin ramin. Ƙaramin sashe na 11 ya fassara babban laifi gida biyu: ko dai mummunan saɓa wa tsarin mulki, ko kuma duk wani rashin ɗa'a da a ganin majalisa ya kai matsayin babban laifi. A sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, idan aka ba ni ƙa'idar da ke fassara kanta da kanta irin wannan, tambayar farko da zan yi ita ce: wane bayani zan shigar mata ta ce a'a? Ƙa'idar da ba ta da abin da za ta ƙi ba ta tantance komai, tana maido wa mai amfani da ita abin da ya riga ya so. Babban laifi shi ne abin da majalisa ta ce babban laifi ne. A 1970 Gerald Ford, yana ɗan majalisar wakilan Amurka, ya faɗi magana mai kama da wannan, mutane suka ɗauke ta a matsayin ɓaro-ɓaron ɗan siyasa. Mu kuwa mun rubuta ta a cikin tsarin mulki. Sannan ƙaramin sashe na 10 ya rufe ƙofar kotu, kuma da shi kotuna suka ƙi shiga ƙarar Balarabe. A tsarin 1979 ma shugaban majalisar ne da kansa ke zaɓo mutum bakwai ɗin da za su yi binciken, majalisar ta amince da su. Mai ƙara shi ke ɗauko alƙali.

Akwai wata gajeruwar magana a sashen da ya kamata ta tsayar da duk mai sha'awar harshe. Dokar ta ce ƙudurin ko za a binciki zargin a yanke shi ba tare da muhawara ba. Wato a daidai gaɓar da jama'a suka fi buƙatar jin hujja, an hana wakilansu buɗe baki, sai dai ƙidayar hannu. Muhawarar da aka kora daga zaure ba ta mutu ba, ta koma gidan rediyo da teburin mai shayi da shafukan sada zumunta. Shi ya sa salon da muke ba da labarin yake da nauyi fiye da yadda muke zato, domin nan kaɗai ne ake auna zargin da baki. Kuma kayan aikin da muka gada don wannan su ne na waƙar siyasa, yabo da zambo da habaici. Suna da kyau wajen ɗaga gwani da kunyata abokin hamayya. Ba a gina su don tambayar wane sashe aka saɓa, a wace rana, da wace shaida ba.

Mu duba abin da wannan ya haifar a matakin ƙasa. Ranar 13 ga Agusta, 2002 majalisar wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba na Kano ta ba Shugaba Olusegun Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Zarge-zargen ba na wasa ba ne: ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar, da tura sojoji Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001 inda aka kashe fararen hula masu yawa. Waɗannan abubuwa ne da za a iya tabbatarwa ko a ƙaryata da takardu da shaidu. Amma nan da nan muhawarar ta koma ta Arewa da Kudu maso Yamma, ta wa zai yi takara a 2003. Tsofaffin shugabanni Yakubu Gowon da Shehu Shagari suka shiga tsakani, aka sasanta, ba a kai ga kafa kwamitin bincike ba. A bakinmu yau Na'abba jarumi ne da ya tsaya wa Obasanjo, kuma da ya rasu a Disambar 2023 haka aka yi ta rubuta masa. Ban ga laifin wannan yabo ba. Sai dai mutanen Odi da na Zaki Biam sun faɗo daga labarin, kamar su ba su ne dalilin tuhumar ba. Kuma a lura da yadda ma'auninmu ya juya: a 1981 tsigewa makirci ce domin gwaninmu ta shafa, a 2002 jarumta ce domin namu ne ke riƙe da ita.

Shekara 20 bayan haka abin ya iso ƙofar gida. Ranar 5 ga Yuli, 2022 'yan bindiga suka yi wa ayarin share fage na Shugaba Muhammadu Buhari kwanton ɓauna kusa da Dutsin-Ma, a hanyarsu ta zuwa Daura. A daren ranar aka fasa gidan yarin Kuje a Abuja. Kafin nan an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Ranar 27 ga Yulin 2022 sanatocin adawa suka fice daga zaure bayan Shugaban Majalisa Ahmad Lawan ya ƙi ba su damar ta da batun, suka ba Buhari mako shida ya gyara tsaro ko su fara shirin tsige shi. Mako shida suka wuce, ba a ga takardar da ke ɗauke da sa hannu 157 ba.

A nan akwai tambaya ta gaske, wadda mazauna yankin Kurfi da Safana da Batsari suka fi kowa cancantar a yi musu ita. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban maƙasudin gwamnati. Shin gazawa a kan wannan mummunan saɓa wa tsarin mulki ne, ko kuwa rauni ne na mulki da akwatin zaɓe kaɗai ke hukuntawa? Mutum mai hankali zai iya tsayawa a kowane ɓangare. Wanda ya ce gazawa ba laifi ba ce yana da hujja, domin idan za a tsige kowane shugaba saboda ya kasa, zaɓe ya tashi aiki. Wanda ya ce manomin da ya bar gonarsa don tsoro an karya masa alkawarin farko na ƙasa, shi ma yana da hujja. Ba a yi wannan muhawara ba. Masu kare shugaban suka ce 'yan adawa ne ke neman suna gab da zaɓe, masu suka suka ce dama majalisar 'yan amshin shata ce. Dukansu kuma tsohon labarin suka ɗauko, suka sauya sunaye.

Wanda ya haɗa waɗannan misalai zai ga yadda makamin ke aiki. Bai taɓa cin shugaban ƙasa ba a Nijeriya. Yana cin wanda ba shi da yawan hannuwa a majalisa, komai ƙanƙantar laifinsa, ya bar mai rinjaye komai girman nasa. Shi ya sa mataimakan gwamnoni suka fi shan sa, kamar Mahdi Aliyu Gusau na Zamfara a Fabrairun 2022, bayan ya ƙi bin gwamnansa zuwa APC. Hannu ɗaya, an ce, ba ya ɗaukar jinka, amma a wannan doka hannu da yawa suna iya mayar da fari baƙi.

Kada a ce ba a gyara komai ba. Tsarin 1999 ya karɓe naɗin kwamitin bincike daga hannun shugaban majalisa ya ba alƙali. A shari'ar Rashidi Ladoja na Oyo, wanda 'yan majalisa 18 daga cikin 32 suka fara shirin tsige shi a wani otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta yanke a Disambar 2006 cewa rufe ƙofar kotu yana aiki ne kawai idan an bi matakan da doka ta jera, ta mayar da shi kujerarsa. Da rashin lafiyar Shugaba 'Yar'aduwa ta tona wani ramin, bayan ya tafi Jidda a Nuwamban 2009 bai bar wasiƙar miƙa mulki ba, Majalisar Tarayya ta ƙetare da hujjar larura ranar 9 ga Fabrairu, 2010, kuma a cikin shekarar aka gyara sashe na 145 aka sa wa'adin kwana 21. Wato idan rami ya tsoratar da manya, ana cike shi cikin watanni. Fassarar babban laifi kuwa ta haura shekara 40 ba a taɓa ta ba, domin tana yi wa duk mai rinjaye amfani. Wasu ƙasashe sun ɗauki wata hanya. A Koriya ta Kudu majalisa tana tuhuma, kotun tsarin mulki ce ke yanke hukunci a fili da dalilai a rubuce, kamar yadda ta yi wa Park Geun-hye a Maris 2017. Ba lallai mu kwafi nasu ba, amma sun nuna ana iya tilasta wa masu tsigewa su faɗi dalili a inda za a auna shi.

Gyaran tsarin mulki ba aikin mujallar adabi ba ne. Gyaran labari kuwa aikinmu ne. Abin da 1981 ke jira daga marubutan Hausa shi ne ƙagaggen labarin da zai shiga cikin ran ɗan majalisa daga wata mazaɓar karkara ta ƙasar Katsina a daren da zai ɗaga hannu: ya san gwamnan ba ɓarawo ba ne, ya san ƙauyensa sun ji daɗin soke haraji, ya kuma san wanda ya saya masa takardar takara da wanda zai aurar wa ɗiyarsa. Ko labarin ɗaya daga cikin mutum bakwai ɗin nan da aka kira masu mutunci, aka ba shi wata uku ya binciki abin da ya san an riga an yanke. Irin wannan rubutu ba zai rage wa Malam Balarabe daraja ba. Mutumin da ya rayu har 11 ga Nuwamba, 2020 bai sauya aƙida ba, ba ya buƙatar a mayar da abokan hamayyarsa dodanni kafin a ga girmansa. Abin da rubutun zai yi shi ne ya nuna yadda mutane na yau da kullum, masu sallah da zumunci, ke aikata zalunci ta hanyar da doka ta halatta, wanda shi ne abin da ya fi kamata mu ji tsoro.

Masu shirye-shiryen siyasa a rediyo ma suna da nasu kason. Ranar da wani ya sake zuwa yana cewa za su tsige shugaba ko gwamna, akwai tambayoyi huɗu da ba sa buƙatar digirin lauya: wane laifi takamaimai, wane sashe ya saɓa, mutum nawa suka sa hannu, kuma ina takardar don a karanta ta da Hausa? Wanda ya kasa amsa waɗannan barazana yake yi don a kira shi a sasanta. Wanda kuma ya zo kare gwaninsa da cewa makirci ne irin na 1981, a tambaye shi ko zargin ƙarya ne, domin makirci da gaskiyar zargi suna iya haɗuwa a wuri guda.

Iyayenmu sun zaɓi gwamna, suka zaɓi majalisar da ta cire shi, ba a tambaye su ba a ranar da aka yi. Jikokinsu suna da wayar da za su buɗe sashe na 143 da na 188 su karanta cikin minti goma. Matuƙar ƙaramin sashe na 11 yana nan yadda yake, wanda za a tsige nan gaba ba lallai ya zama mai laifi ba, wanda za a bari kuma ba lallai ya zama mai gaskiya ba, kuma ya kamata labaran da muke rubutawa su fara faɗin haka.